Ƙullin Baba

Shekara biyu tirelar Yaya ta yi a garejin Baba kafin ta soma kama da mota. Ranar da aka jawo ta, kaji ne ke ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba, ɓeraye kuma sun cinye wayoyinta tas kamar an ba su kwangila. Bakanike ya tashi injin, mai walda ya ɗaura janareta a bayan kan motar don ta riƙa ba ɗakin sanyi wuta, tunda kifi Yaya zai riƙa ɗauka. Ya rage jan waya, wannan kuwa aikin Baba ne, shekararsa arba'in yana riwaya.

Ni ma aikin wuta nake yi, amma ta gidaje, wadda Baba ke kira wasan yara. Safiyar da za a tayar da janaretar na je ne in yi kallo kawai.

Baba yana da tasa hanyar. Ba ya sayen waya kala-kala, ya ce almubazzaranci ne. Naɗi guda baƙa yake saye, ya ja komai da ita, sannan ya yi ƙulli a bakin kowace waya: ƙulli ɗaya ta batir ce, biyu ta janareta. Wutar batir ko ka taɓa ba ta yi maka komai. Ta janareta kuwa irin ta gida ce, in ta bi hanyar da ba tata ba sai ta ƙone mota har da wanda ke ciki. Yaya kuma a cikin motar zai riƙa kwana in ya yi nisa.

Na tsuguna ina leƙen akwatin fis, sai idona ya faɗa ƙasa. Guntayen waya ne a zube, kowane da ƙullinsa. Wato wayoyin sun yi tsawo, Baba ya datse bakinsu, ƙullin ya tafi da guntun, shi kuma ya sake ƙullawa da ka. Da shekaru biyar baya ne, ko a jikina. Amma bana sau uku yana kira na da sunan ƙanwarsa, kuma a satin nan na gan shi yana neman filaya alhali tana hannunsa.

Na ja Yaya gefe na nuna masa guntayen. Ya daɗe yana kallonsu.

"Ke Injiniya, rufa mana asiri," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kin san ba a ɗora mitar auna wuta a kan aikinsa. Kin manta wanda ya kora a kan haka? Ga mutane cike da gareji, so kike ki kunyata shi?"

"Kai za ka kwana a ciki, Yaya, ba mutanen ba."

"Shekara arba'in ko fis bai taɓa ƙonewa a hannunsa ba."

Gaskiya ya faɗa, ita ce ma ta ɗaure ni. In na auna na tarar komai daidai, na ci mutuncin mahaifina a banza a gaban abokan sana'arsa, kuma na san shi, ba zai manta ba ko da ya manta komai. In na yi shiru kuma, ban san yadda zan yi barci ba duk ranar da motar nan ta hau titi.

Baba ya fito daga ƙarƙashin motar yana goge hannu da tsumma. Ya ce wa Yaya ya hau ya tayar. Yaya ya hau, ya ɗora yatsa a kan makunnin janareta, bai kalle ni ba.

"Yaya, dakata," na ce. "Baba, ka yi haƙuri, ina so in auna."

Bakanike ya shiga neman wani abu a aljihu, mai walda ya juya baya. Baba ya kalle ni, ya kalli mitar da na ciro daga jaka.

"Aikina za ki auna?"

"Eh, Baba."

Na maƙala ɗaya daga bakunan mitar biyu a inda wuta ke fita daga janareta, na soma taɓa wayoyi masu ƙulli ɗaya da ɗaya bakin. In ta batir ce da gaske, mitar shiru za ta yi. Ta farko shiru. Ta biyu shiru. Na soma addu'ar ƙasa ta tsage in shige, don na ga alamar ni ce zan ji kunya. Ta biyar, wadda ta nufi fitilar da ke saman gadon direba, mitar ta yi ƙara.

Na sake taɓawa ko hannuna ne ya goce. Ta sake yi. Kowa a wurin ya san ma'anar ƙarar, ba wanda ya buƙaci bayani. Yaya ya janye hannunsa a hankali ya sauko.

Baba ya karɓi wayar, ya murza ƙullin da yatsu biyu, ya daɗe yana murzawa. Na yi zaton faɗa zai yi, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya ja wata tsohuwar taya ya zauna.

"Guda nawa suka rage?" ya tambaya.

"Sittin da wani abu, Baba."

"Auna su duka." Ya kalli hannuwansa. "Ki fara da na fitilar birki. Tun asuba nake so in tuna ko na haɗa su, na kasa."