Bitar Sauka a Bakin Kawu

Duk wanda ya tsara jadawalin makon nan, Allah ya saka masa daidai da aikinsa. Matuƙa sun fi ɗari a kamfaninmu, amma bai ga wanda zai haɗa ni da shi a gwajin wata shida ba sai kawuna, yayan mahaifiyata, mutumin da ya fara ɗora hannuna a kan sitiyarin jirgin sama. Ni mataimakiyar matuƙi ce, shekarata huɗu a kujerar dama. Shi kyaftin ne, shekara talatin da ɗaya yana tuƙi, kuma gwajin da ya wuce da ƙyar ya sha. An rubuta masa a takarda cewa in ya faɗi wannan, ya ajiye hula ya tafi gida.

Ina ɗaura igiyar takalmi Inna ta kira.

"Yayana yana hannunki yau," ta ce. "Kar ki je ki nuna masa boko a gaban mutane."

"Inna, aikina ke nan. In ya yi kuskure dole in faɗa."

"To ki faɗa da ladabi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na ce to. Ban tsaya yi mata bayanin cewa ni da babban duk mun wuce tsayin rimi, kuma ta gilashi ɗaya muke hange ba.

Na'urar gwajin wani farin akwati ne a kan ƙafafun ƙarfe shida, a tsakiyar ɗaki mai sanyi kamar firji. Cikinsa kan jirgi ne sak: kujeru, maɓallai, har da warin tsohon kofi. A bayanmu mai jarrabawa yake zama, wani siririn mutum da muke kira Jan Biro. Shi ke yin hadari, shi ke kashe inji, shi ke rufe sama da gajimare, duk da ɗan yatsa ɗaya. Ban taɓa ganin mutumin da iko ya yi wa kyau irinsa ba. Ya gaishe mu kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa, ya ja ƙofa ya rufe.

Awa ɗaya da rabi Kawu yana tuƙi lafiya lau. Inji ya kama wuta, ya kashe ta. Iska ta buge mu daga gefe, ko gezau bai yi ba. Har na fara sakin jiki. Sai Jan Biro ya ce gajimare ya sauko kan filinmu na gida, ba a ganin komai, sai dai mu sauka da na'ura.

Saukar da ido ba ya gani tana da al'adarta. Kafin a fara gangarowa, wanda zai tuƙa yana ɗaukar taswirar saukar ya karanto ta da ƙarfi: wane fili, taswirar wace rana, wane titi, lambar rediyon da za ta ja mu zuwa titin, tsayin da in muka kai shi ba mu ga ƙasa ba dole mu fasa, da inda za mu nufa in mun fasa. Ɗayan yana bi da yatsa a kan tasa taswirar. Wannan ita ce bita. A ƙarshe a ce, "Akwai tambaya?" Kuma tun da aka ƙera jirgi amsar guda ce, "Babu," domin kowa ya fi son a ce ya gane a kan ya kai gida lafiya.

Kawu ya gyara zama, ya riƙe taswira a gabansa, ya fara. Ai sai ka ji. Murya kamar mai karanta labaran rediyo, ba tuntuɓe, ba tsayawa. Ya sauka a filin nan sau dubbai, shi ya sa idonsa yake kan takardar amma bakinsa yana kan shekara goma da suka wuce.

"Titi na biyu. In mun kai ƙafa ɗari biyu ba mu ga fitilu ba, mu fasa. Mu hau zuwa dubu ɗaya da ɗari biyar, mu juya dama. Akwai tambaya?"

Yatsana ya tsaya cak. Taswirar ta canza tun watan jiya. An kafa dogon ƙarfen sadarwa a kan tudun da ke dama, saboda haka yanzu a ƙafa ɗari uku da hamsin ake fasawa, kuma hagu ake juyawa. An turo mana sanarwa, kowa ya sa hannu cewa ya karanta. Kawu ma ya sa, da wannan kyakkyawan sa hannun nasa mai wutsiya.

Na yi tari. Bai kula ba. A bayana na ji biro ya buɗe.

"Kyaftin," na ce, "tawa taswirar kamar ta ɗan sha bamban. Ko dai tawa ce tsohuwa?"

Ka ji ladabi. Na ɗauki laifin mutum na aza a kaina, ina riƙe da taswira mai kwanan watan jiya.

"Mai yiwuwa," Kawu ya ce. "Ku yaran yanzu ba kwa duba kayan aikinku."

Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni a lokaci guda. In na yi shiru, mu biyu za mu faɗi. In na yi magana, na tona shi a gaban mutumin da ke jiran dalili.

"Kyaftin, duba layin ƙasa. Ɗari uku da hamsin ne. Kuma hagu."

Ya zaro tabarau daga aljihu a hankali, ya maƙala, ya duba. Ya daɗe yana dubawa, kamar wanda ya dawo unguwarsu ya tarar an rushe gidan maƙwabci.

"Haka ne," ya ce. "Ɗari uku da hamsin. Hagu. An gode, mataimakiya."

Ya sake bitar daga farko, wannan karon yana karantawa da gaske, yana tuntuɓe kamar kowa. Biro ya rufe. Na yi ajiyar zuciya, domin gyara a lokacin bita ba faɗuwa ba ce, don haka ma aka ƙirƙiro ta.

Muka gangaro cikin farin gajimare. Ina kiran tsayi, yana amsawa. Dubu. Ɗari biyar. Ɗari uku da hamsin, kuma ba fitila ko ɗaya, domin Jan Biro ba zai ba ka titi kyauta ba.

"Mu fasa," Kawu ya ce, ya tura injuna, hancin jirgi ya ɗaga. Komai tsaf. Na ɗage tayoyi. Muka kai dubu ɗaya da ɗari biyar.

Sai hannunsa ya karkata dama.

Minti goma da suka wuce bakinsa ya ce hagu sau biyu, amma hannun ba ya wurin lokacin da ake maganar. Sabo turken wawa, kuma wannan turken shekara talatin ake kafa shi.

"Hagu," na ce.

Jirgi ya ci gaba da kwantawa dama. Idonsa na kan na'urori, fuskarsa a natse, mutum yana aikinsa yadda ya iya shi.

"Kyaftin, hagu."

Hannun bai dawo ba.

"Hagu ne, Kyaftin."

Na san abin da ya rage, kuma na san farashinsa. In mataimaki ya ƙwace jirgi daga hannun kyaftin a gwaji, kyaftin ya faɗi, ba sauran magana. Na ba shi daƙiƙa biyu da ba nawa ba, ina roƙon Allah ya farka da kansa.

"Kawu, hagu!"

Na'urar gargaɗi ta fara ihu cewa akwai abu a gabanmu. Na kama sitiyari.

"Jirgi yana hannuna."

Nan take ya saki. "Yana hannunki," ya ce, da irin muryar da ya koya mini. Na kwantar da jirgi hagu, na hau. Ihun ya tsaya. A bayanmu biro yana ta gudu a kan takarda.

Bayanin sakamako bai kai minti biyar ba. Jan Biro ya ce na ci, ya yaba mini da kalmomi huɗu, ya juya wajen Kawu ya kashe sauran lokacin yana nuna takaicin da ba ya ji. Kawu ya sa hannu, ya miƙa biron, ya yi godiya.

Muka fito farfajiya, rana tana tsakiya. Ina biye da shi a baya, na haɗa kalaman ban haƙuri sun fi goma a raina. Tausayinsa ya cika ni har ina jin kunyar kallon ƙeyarsa. Da muka isa wurin motoci ya tsaya, ya juyo.

"Sau nawa kika ce hagu?"

"Kawu, ka yi haƙuri, wallahi na so..."

"Tambayarki na yi."

"Huɗu."

"Sau biyu ake faɗa, a na uku a karɓa. Haka na koya miki, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To don me kika jira?"

"Saboda kai ne."

Ya kalle ni, idanunsa sun yi ja, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Da akwai fasinjoji a bayanmu, su ma kawunsu ne ni?"