Layin Baba

"Auta, zo ka duba mini wayar nan, ta ƙi ɗaukar hoto."

Ina bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa. Makon nan na bar wurin wankin mota, kuma zaman gida ƙaiƙayi yake sa ni. Umma tana zaune kusa da taga, ta miƙo wayar ba ta dube ni ba.

"Ta cika ne, Umma. Bidiyon jikokinki ya cinye ta. Hoton me za ki ɗauka?"

"Kai dai gyara."

Na zauna a hannun kujera ina gogewa. Cikin neman abin da ya fi cin wuri na ga sunan Baba a saman jerin hirarta. Baba ya rasu bara. Wayarsa tana cikin durowar ɗakinsa tare da tabarau da agogo, ba wanda ya ƙara sa mata caji, ba kuma wanda ya iya cire lambarsa daga guruf ɗin hirar 'yan gida.

Na buɗe. Saƙonnin murya ne jere, duk daga Umma, wani gajere wani dogo. Na farkon alama ɗaya ce a gefensu, ba su isa ba. Da na gangaro ƙasa sai alamar ta zama biyu, shuɗi. An karɓa, an saurara.

Na shiga ɗakin Baba na ja durowa. Wayar tana nan a mace, da ƙura a fuskarta.

"Umma, wa yake sauraron waɗannan?"

Ta gyara ɗankwali. "Wani bawan Allah ne. Ya ce kamfani ne ya sayar masa da layin, tunda an daɗe ba a sa kati ba. Yana da kirki. Ya ce shi ma maraya ne."

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"Me kike faɗa a ciki?"

"Abin da na saba faɗa wa babanku. Ni ba da mutumin nake ba, da Malam nake."

Na taɓa ɗaya. Muryarta ta fito a hankali, da ƙarar fanka a bayanta. Tana ba shi labarin rufin da yake yoyo, da ciwon gwiwarta. Sai ta ce ta je banki ita kaɗai ta ciro na cefane daga kuɗin sallamarsa, kuma ba ta manta lambar sirrin ba, tana nan yadda ya sa mata, shekarar da aka haifi babbar 'yarsu. Ta yi 'yar dariya ta ce yanzu ba mai ce mata Gimbiya.

Kuɗin sallamar nan da shi muke biyan haya, da shi take sayen magani. Baba ne ya buɗe mata asusun, da lambar wayarsa, don ita a lokacin ba ta da waya. Duk wani alat na banki da duk lambar tabbatarwa can suke zuwa. Shekarar haihuwar Yaya kuwa, babbar 'yar tasu, tana cikin guruf, inda muka yi ta zolayarta da tsufa. Hoton katin shaidar Umma ma yana ciki, tun ranar da aka kai ta asibiti kan gwiwarta.

A can ƙasa na ga rubutu, na safiyar yau.

"Umma, banki na ta turo saƙo kan wani haƙƙin marigayi da ya maƙale. Ba na son ya bi ruwa. Ki turo hoton katin bankinki gaba da baya in bi miki."

Na ɗago kai. Katin yana kan dakalin taga, inda haske ya fi kyau, ta jingina shi da kofi.

Na kira Yaya. Tana shagon magani inda take aiki, ina jin ana ciniki a bayanta.

"Sarkin yawo, an sake korarka ne?"

"Yaya, cire Baba daga guruf yanzu."

"Kai, ba ka da kunya? Baban ne ya tsare maka me?"

"Wani ne a ciki. Ya daɗe yana karanta mu."

Na ji ta ce wa wani ya jira.

"Shi ya sa," in ji ta. "Rannan na ga an canza hoton da ke kan lambarsa, na ɗauka kai ne da shegen taɓe-taɓenka. Ɗauki Umma ku tafi banki. Kada ka ce masa komai, kada ka zage shi, na san bakinka."

Umma ta ƙi tashi da farko. Ta ce mutum ya tausaya mata ni kuma na mai da shi ɓarawo. Na ce to mu je bankin su ba ta haƙƙin da hannunsu, ai ya fi sauƙi. Ta dube ni, ta dubi katin, ta ɗauki mayafi.

Muna cikin mota wayar ta yi ƙara a aljihuna. "Umma ina jira." Muna kan layi a banki ta sake. "Ko lambobin gaban kawai ki rubuto." Ban taɓa jin layi ya yi mini tsawo haka ba, ni da ko layin wanzami ba na iya bi. Mutumin gabanmu yana ta gardama kan sa hannu, na'urar sanyi tana ɗiga cikin bokiti.

Ma'aikaciyar ta karɓi katin shaida ta daɗe tana kallon allon gabanta.

"Mama, ke ce kika nemi a buɗe asusunki a sabuwar waya?"

"Ni? Wayar da ko hoto ba ta ɗauka?"

"An gwada jiya, an sake gwadawa yau da safe. An sa sunanki daidai, da ranar haihuwa, an karɓi lambar tabbatarwa. Lambar kati kaɗai ta rage."

Umma ta dafe kai. Ma'aikaciyar ta toshe katin, ta yanka shi da almakashi a gabanmu, ta cire lambar Baba ta sa ta Umma. Ta ce a zaɓi sabuwar lambar sirri, ban da shekarar kowa. Na juya baya har ta gama dannawa.

"Katin shaidar fa?" na tambaya. "Mutumin yana da hotonsa."

"Wannan ba a hannunmu yake ba. Ku kai rahoto, ku kuma faɗa wa dangi. Duk wanda aka kira da sunanta, ya fara kiranta tukuna."

Muka fito rana ta take. Umma ta zauna a kan dakalin ƙofar banki don gwiwarta ta huta. Wayar ta sake ƙara. Na so in ɓoye, ta miƙo hannu.

"Karanta mini."

"Gimbiya, yau shiru? Ki gaishe da Auta. Ya sami aikin kuwa?"

Ta waiga hagu da dama, masu wucewa kowa da waya a kunne.

"Ya san rufinmu yana yoyo," ta ce. "Na faɗi layin gidanmu ma, ranar da aka gyara kwalbati."

Ta karɓi wayar ta ja saƙonnin sama, har can farko, inda alamar take ɗaya. Ta daɗe a nan.

"Ina ake dannawa?"

Na nuna mata. Ta toshe layin da yatsarta, ta goge sunan, ta miƙo mini.

"Mu biya kasuwa," in ji ta. "Ka sayo wa ƙofa sabon kwaɗo."