Ƙaya a Ƙofar Modibbo Hindu

Barira tana tsaka da yanyanka kayan ciki a bakin murhu ta ji ƙoƙo ya faɗi a bayan katanga, ya gangara, ya tsaya. Ta ajiye wuƙar ta kasa kunne. Can sai ta ji muryar maƙwabciyarta, a dishe kamar ba ita ba.

"Ruwa."

Ta dubi ɗakin da Taiba, 'yarta mai shekara biyu, ke barcin hantsi. Mijinta Barau bai dawo daga mahauta ba. Ta ɗebi ruwa a randa, ta je gindin katanga ta durƙusa a bakin wuriya, ramin da ruwan sama ke bi tsakanin gidajen biyu, ta tura ƙoƙon da kara.

"Inna Modibbo, an tashi lahiya? Ga ruwa nan."

"Lahiya lau, Barira. Ina gajiya? Ina maigidan? Ina ɗiyata?"

"Duk lahiya, Inna. Ya jikin?"

"Da godiya. Da mi kit turo ƙoƙon?"

"Da kara."

"Madalla. Ki sa shi wuta."

Kwana shida ke nan da agana ta fito wa Modibbo Hindu. A bazarar nan cutar ta shigo Mafara tana bi gida gida. An kafa bukkoki a bayan ganuwa ana kai masu ita, har suka cika, sai mai unguwa ya ce duk gidan da ta ɓulla a jibge ƙaya a ƙofarsa. Kasuwar Talata ta koma fili. Fatake daga Sakkwato suka riƙa kewaye garin ta daji. Idan aka ji kuka ya tashi, ba mai tambayar wa ya rasu, sai dai a tambayi gida nawa ne tsakani.

Shekara talatin da suka wuce Modibbo ta taso daga Maradun bayan mijinta ya rasu, da jaki ɗaya da gafaka huɗu na littattafai. Ba yara take koyarwa ba. Masu koyarwa take koyarwa. Da an gama girbi za ka ga mata daga Faru da Tsibiri da Damri da Bakura, da kaya a ka, sun nufo gidanta. Sai su yi wata biyu a gindin tsamiyarta, su koma ƙauyukansu su karantar da wasu matan tsarki da salla da rabon gado da wankan mamaci, yawanci cikin waƙa don ya zauna a ka.

Tana da wata dabara da ɗalibanta ke tsoro kuma suke so. Idan mace ta ce ta iya darasi, sai Modibbo ta tashi daga buzunta ta zaunar da ita a kai. Ita kuwa ta koma cikin mutane ta karkace ɗankwali, ta zama tsohuwar ƙauye mai taurin kai.

"Ni ban gane ba, Malama. Sake min."

Sai an sake mata sau uku, kowane da wata hanya dabam, kafin ta yarda. Takan ce wadda ta iya faɗa da hanya ɗaya tak, haddacewa ta yi, ba ta sani ba. Ba a taɓa ganin bulala a gidan ba.

Barira ba ta cikin waɗannan matan da farko. Matar mahauci ce, hannunta kullum da maiƙo, ba ta zaci irinta na zama cikin masu karatu ba. Tana aikinta dai tana jin su ta katanga, har ta riƙa bin waƙar ba ta sani ba. Rannan sai ta ji an ɗaga murya daga can.

"Wadda ke rera karatuna bayan katanga, tana cinye baiti na ukku, ta zagayo ta shigo."

Shekara tara ke nan. A gidan ta koyi karatu, kuma Modibbo ce ta karɓi haihuwar Taiba.

Cutar ma a kan ɗaliba ta sami Modibbo. Wata malama da ta yaye ta rasu a Bakura da agana, aka rasa mai yi mata wanka, Modibbo ta hau jaki ta je ta yi. Bayan kwana goma sha biyu zazzaɓi ya kwantar da ita. 'Yar ƙanenta da ke zaune da ita ta gudu gidan ubanta tun ranar da ƙurajen suka fito.

Barira tana durƙushe har yanzu a bakin wuriya Barau ya shigo da ƙafar saniya a kafaɗa, ko rabi bai sayar ba. Da ya gan ta a wurin sai ya saki naman a tabarma.

"Barira! Mi ni ce maki?"

"Ruwa na ba ta, maigida. Ban taɓa komi ba."

"Yau an hidda gawa biyar daga unguwar masaƙa. Biyar! Ke ba ki taɓa yin ta ba, yarinyar ga ba ta yi ba. Ki rantse min ba ki shiga gidan can."

Ta sunkuyar da kai, ba ta rantse ba. Muryar Modibbo ce ta fito daga wuriya.

"Barau, gaskiyarka. Ko ta zo ni zan kore ta. Amma ina roƙon ka abu guda. Akwai ɗalibata a Damri, Adama. Ta yi agana tana yarinya, ba ta sake kama ta. Ka kira min ita. In kwana ya ƙare, ita za ta yi min wanka."

Barau ya tsaya yana kallon katangar, idonsa ya yi ja. Bai ko ci abinci ba, ya ari jaki, bayan azahar ya fita.

Washegari da hantsi Barira ta tura ƙoƙon kunu. An daɗe kafin ta ji jan jiki a ƙasa, da numfashi mai ƙara. Wani wari ya biyo ramin, irin wanda ko a mahauta ba ta taɓa ji ba. Ta toshe hanci da gefen zane, kunya kuma ta kama ta.

"Barira, ba na gani yau. Sun shiga idon. Zauna, ki karanta min babin wanka."

Ta fara. Niyya, tsarki, alwala, dama kafin hagu.

"Ban gane ba, Malama," in ji Modibbo, har da ɗan sautin dariya. "In jikin ba ya ɗaukar cuɗa hwa? In an taɓa hwata ta biyo hannu?"

"Sai a zuba ruwa a hankali, ba a cuɗawa."

"In ruwan ma zai ɓata shi?"

"Sai taimama. Huska da hannuwa."

"To ki gaya wa Adama haka, ta cika gaggawa. Littattahan kuma a shanya su rana kwana bakwai, kada tsoro ya sa a ƙone. Ki raba wa ɗalibaina." Ta ja numfashi da ƙyar. "Ke kuma ki daina cewa ke matar mahauci ce kurum. Na gaji da ji."

Ba ta sha kunun ba. Barira ta ji ta ja jiki ta koma ɗaki.

Da azahar ta kira, ba amsa. Ta sake kira. Sai ta ɗaga kai ta ga ungulayen da kullum ke jeruwa a kan katangarsu suna jiran ƙashi sun juya mata baya. Duk gidan Modibbo suke kallo. Ɗaya ta dira ciki.

Barira ta gane rai ya yi halinsa. Da ƙyar ta kira surukarta, Iya Mariya, ta ce ta je ta gaya wa liman. Tsohuwar ta tafi ta dawo tana sharar hawaye.

"An ce akwai maza biyu masu zanen agana, za su ɗauka. Za a yi mata salla daga nesa. Amma mace mai wanka babu. Na bi gida huɗu, kowa na jinyar nata, wasu ko ƙohwa ba su buɗe ba. Liman ya ce da zahin ga ba a jira. In la'asar ta yi, a naɗe ta da tabarma haka nan a kai."

"Haka nan? Matar da ta wanke rabin matan garin ga?"

"To ya za mu yi, ɗiyata?"

Barira ta fita zaure ta leƙa hanya. Ba Barau, ba jaki, ba kowa, sai wani kare kwance a inuwa. Ta dawo ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Ta tuna fuskar wata yarinya da ta gani ana fita da ita bukkoki, a kumbure ba a gane ido da baki. Ta ce wa kanta Modibbo da bakinta ta hana, ba wanda zai zarge ta. Sai ta ji fukafukai a bayan katanga, da ƙarar ƙafafu a kan asabarin ƙofar ɗaki.

Ta ɗauki Taiba ta ba ta nono har ta ƙoshi, ta shinshina wuyanta, ta miƙa wa Iya Mariya.

"Iya, ki yaye ta. In maigida ya dawo ki ce ya yahe min. Ban rantse mashi ba."

"Barira, ki ji tsoron Allah!"

"Shi nike ji, Iya."

Ta janye ƙayar da sanda ta shiga. Ta kori ungulayen da jifa. Modibbo tana kwance a bakin ƙofar ɗaki, kanta ya dubi gabas, kamar ta gyara kanta don kada ta wahalar da kowa. Barira ta dube ta sau ɗaya ta fita da gudu ta yi amai a gindin tsamiya. Ba inda ƙurajen suka bari a jikin. Ta wanke baki, ta koma.

Ta gwada ruwa a hannun Modibbo na dama, fatar ta jure. Sai ta riƙa zubawa kaɗan kaɗan da ludayi, tana faɗin kowane mataki a fili don ta ji murya a gidan. Ƙudaje na sauka a fuskarta ba ta da hannun korarsu. Da ta zo kan gashi ta tarar har yanzu da ƙananan kitson da ita ta yi mata kafin tafiyar Bakura. A nan kuka ya ƙwace mata. Ta gama, ta naɗe ta da farin sawaye, likkafanin da Modibbo ta daɗe da ajiyewa a cikin tukunya.

Mazan biyu suka zo suka ɗauka. Mutane suka yi sahu can nesa, hanci a rufe. Da aka watse aka mayar da ƙayar, Barira na ciki.

Sai washegari Barau ya iso da Adama. An tsare su a hanya, don ƙauyuka ba sa barin mutumin Mafara ya ratsa, sai da suka bi ta fadama. Barau ya tsaya a bayan ƙaya yana kallon matarsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kin ci abinci?"

Adama, doguwa mai fuska duk rami, ta tsallake ƙayar ta rungumi Barira.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwar Barira. Kowace safiya sai ta fito rana ta duba hannuwanta da cikinta, ta sa Adama ta duba bayanta. Cizon sauro ma sai ya tsinka mata zuciya. Nononta ya cika ya yi tauri, tana jin Taiba a bayan katanga tana kiran Inna har muryarta ta dishe, ita kuwa ta cusa zane a baki don kada yarinyar ta ji ta.

Suka shanya littattafan a rana. Labari ya kai ƙauyuka, mata suka fara zuwa bibbiyu, uku uku, duk da tsoron hanya. Ba sa shiga. Sai su tsaya nesa da ƙofa su yi gaisuwa, su yi addu'a, kowace ta faɗi nata. Wata daga Faru ta ce mata arba'in take karantarwa yanzu. Wata tsohuwa daga Tsibiri ta ce shekara uku tana kasa babi ɗaya, Modibbo ba ta taɓa ɗaure mata fuska ba. Adama takan miƙa wa kowace rabonta na takardu a kan faifai.

Ran kwana goma sha ɗaya Barira ta fara tunanin ta tsira. Ran sha biyu ta tashi da ciwon baya kamar an sare ta da gatari.

Ba ta san yawancin abin da ya biyo baya ba. Ta san dai hannun Adama da ruwan tsamiya a leɓenta, da muryar Barau a wuriya kowace safiya yana gaishe ta ko ba ta amsa ba. Sau biyu Adama ta fid da rai ta juya ta gabas. Amma ƙurajen suka bushe, ɓawon ya zube. Ta tashi da fuska irin ta Adama, idon hagu kuma ya yi fari.

Ruwan farko ya sauka kafin a ɗauke ƙayar. A lokacin cutar ta lafa a gari, bayan ta kwashe mutanen da ba a iya ƙirgawa ba. Adama za ta koma Damri shuka. Ta ce da kaka matan za su dawo gidan nan kamar kullum, sun riga sun yi magana, kuma Barira za ta riƙe musu babin tsarki da na wanka. Barira ta buɗe baki za ta kawo uzuri, sai ta fasa.

Aka ƙone tufafinta, ta yi wanka, ta sa zanen da Barau ya miƙo. Ta zagaya ta shiga gidanta da hantsi. Taiba na zaune a tabarma tana wasa da ludayi. Da ta ga fuskar sai ta tashi ta ɓuya a bayan Iya Mariya.

Barira ba ta kira ta ba. Ta zauna a ƙasa a bakin murhu, ta ɗora hannuwa a cinya. Kaji na tono a jiƙaƙƙiyar ƙasa. An jima yarinyar ta leƙo, ta tako kaɗan, ta tsaya, ta ƙara takowa. Ta miƙa yatsa ɗaya ta sa a wani rami a kumatun uwarta, sannan ta matsa zuwa na kusa da shi.