Atamfar Jam'iyyar Da Ta Faɗi

Sai da Bara'atu ta isa gaban teburi sannan ta lura tsakar gidan ta yi tsit. Mata sun fi hamsin a kan tabarmi a gidan Hajiya Iya, shugabar matan jam'iyya mai mulki ta unguwarsu a Gusau, kuma ba fuskarta suke kallo ba, zanenta suke kallo.

Ita dai ba ta ga aibin zanen ba. Shi kaɗai ne sabon abin da ta tsira da shi ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu na yankin Tsafe. A zaɓen da ya wuce aka raba musu atamfar a kasuwa, ta naɗe ta adana shekara uku, tana jiran ranar fita kunya, don a wurinsu ba a zuwa gaban manya da tsumma. Mutumin da ke jikin atamfar, da hularsa da murmushinsa, a wurinta ado ne kawai. Rubutun da ke ƙasansa kuwa ba ta iya karantawa ba.

"Baiwar Allah," in ji Hajiya Iya, ta ajiye biro, "turo ki anka yi?"

Bara'atu ta durƙusa ta zayyana abin da ya kawo ta. Ɗiyarta Delu ta yi kwana uku tana naƙuda, hanyar Tsafe ba ta biyuwa, ɗakin shan maganin ƙauyen kuma a rufe tun da ƙungiyar Turawan da ke riƙe da shi ta kwashe kayanta. Jaririn bai zo da rai ba, mijin an kashe shi a gona, Delu kuma tun daga ranar fitsari bai ƙara tsaya mata ba. Yanzu an ce likitoci sun zo daga waje za su yi wa mata arba'in aiki kyauta, kuma zuwan ƙarshe ke nan, domin ƙasarsu ta janye tallafin. Sunaye kuwa ta hannun shugabannin mata ake miƙawa.

Hajiya ta saurara har ƙarshe, ba za a ce ba ta ji tausayi ba. Amma wata a bayan taro ta riga ta ɗaga waya ta ɗauki hoto, Hajiya kuma ta gani.

"Kin shigo mani gida da hoton abokin hamayyarmu a jikinki, gaban jama'a. In na rubuta ki, gobe hoton ga ya kai sama, kujerata ce za ta tahi. Ki je wurin waɗanda sunka ba ki."

Wasu daga cikin matan suka fashe da dariya. Sai a lokacin Bara'atu ta gane. Ba ta yi shawara da kowa ba, har zuciyarta. Ta miƙe, ta kwance zanen, ta tsaya daga ita sai koɗaɗɗen fatari, mace mai shekara hamsin, ta miƙa shi da hannu biyu.

"Ga shi, Hajiya, a ƙone shi. Ni ban san kowa ba, ɗiyata na sani."

Masu dariya suka daina. Wata tsohuwa ta taso ta mayar mata da zanen a ƙugu. Hajiya ta kau da kai ta kira suna na gaba.

* * *

Rut, telar da ta ba su ɗakin bayan shagonta tun da suka iso Gusau, ita ta ce tunda atamfar ta rufe wannan ƙofa, to ta je ta gwada ta masu ita. Washegari Bara'atu ta sake ɗaurawa ta shiga motar Bungudu, inda ofishin mutumin da ke jikin atamfar yake.

A can aka karɓe ta kamar uwar amarya. Muktar, mai kula da ofishin, har kujera ya ba ta da ruwan leda. Tana ba shi labari idonsa na ƙyalli, kai ka ce albishir ta kawo. Ya ce su ba su da gurbi ko ɗaya, tunda ba su ke mulki ba. Amma ta kawo Delu a ɗauke ta a bidiyo, ta faɗi da bakinta yadda aka wulaƙanta su, duniya ta gani.

Delu, wadda wata takwas ke nan ba ta leƙa ko ƙofar gida ba saboda zarni. Duk da haka Bara'atu ba ta ce a'a ba, kuma wannan ne ya fi ci mata rai daga baya. Tambaya ɗaya ta yi, ko in an ɗauka za a yi aikin.

"Inna, wanga kam sai mun ci zaɓe."

A hanyar dawowa, daidai Furfuri, direba ya ƙure rediyo. Maza biyu ne, ɗaya daga kowace jam'iyya, suna ta sa-in-sa a kan wanda ya fi kare haƙƙin mata. Wannan ya ce laifin Turawa ne da suka janye, wancan ya ce laifin wanda ya dogara da Turawa ne. Fasinjoji suka rabu biyu suka kama nasu musun. Bara'atu ta ja mayafi ta rufe cinyarta, kada wani ya ga hoton ya sa ta a ciki.

Da ta isa gida ta faɗa wa Delu maganar bidiyon. Delu na zaune a kan ledar da aka shimfiɗa mata, ta ɗago kai ta dube ta.

"In an ɗauke ni, za a ɗinke ni, Inna?"

Bara'atu ta tattara jiƙaƙƙun tsummokaran Delu ta fita wanki. Delu ba ta sake tambaya ba.

* * *

Ranar Juma'a Rut ta rufe shago ta tafi ƙofar asibiti da kanta, ko za ta samu ganin likitocin. Kafin la'asar ta dawo, ta zauna a bakin ƙofa ba ta ko cire takalmi ba. Ta ce sun tafi tun da hantsi. Wata ma'aikaciya 'yar cocinsu ta gaya mata gado shida aka bari babu kowa, don wasu da aka rubuta ba su zo ba, wasu kuma da aka duba ba su da ciwon ma.

Bara'atu ba ta yi kuka ba. Tsummokaran da Delu ke ƙunzugu da su sun mutu da wanki, tun jiya babu busasshe ko ɗaya. Ta ari almakashin Rut, ta shimfiɗa atamfar a ƙasa ta yanka ta gida goma sha biyu. Sabuwar atamfa ba ta shan ruwa, sai da ta wanke sau uku kafin sitacin ya fita.

Ta shanya su a igiya a jere. A wani ƙyallen hula ce, a wani kunne, a wani kuma rabin baki yana ta murmushi. Daga ɗaki Delu ta ɗaga murya ta tambaya ko akwai wanda ya bushe.