Gyalen Hajiya Nana Fatima

Ni dai aikina a Alƙahira tafinta ne. Da safe ina karatun haɗa magunguna a jami'a a Giza, da rana in raka matan da suka zo jinya daga gida zuwa asibiti, likita ya zuba Larabcinsa in mayar musu da Hausa. Shekara huɗu ina wannan fama, ban taɓa jawo wa kowa magana ba sai a makon da yayana yake neman tikitin takara.

Yaya Ya'ƙub malamin sakandare ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar Inna. Shi da wasu malamai da 'yan fansho da 'yan kasuwar hatsi suka shigo da sabuwar jam'iyya jiharmu, mai alamar fitila, yana son tsayawa majalisar jiha a mazaɓarmu. Jam'iyya mai alamar rumbu kuwa ta fi shekara ashirin tana mulki, har yara sun ɗauka ita ce sunan gwamnati. 'Yan Fitila ba sa tsoron faɗuwa zaɓe kamar yadda suke tsoron ɗan dashe. A zaɓen da ya wuce wata sabuwar jam'iyya ta tsayar da mutum, ana saura kwana tara ya janye ya koma Rumbu da gangarsa, ashe tun farko nasu ne. Saboda haka suka kafa ƙa'ida: duk wanda aka ga gidansa da ƙafa ɗaya a Rumbu, ba shi ba tikiti. Ranar Asabar wakilai za su zaɓa tsakaninsa da wani ɗan kwangila.

Ranar Litinin ɗin makon na je unguwar Hadayek el-Maadi duba Hajiya Nana Fatima, wadda aka yi wa aiki a gwiwa. Ita ce shugabar matan Rumbu ta jiharmu, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, ita ta yi mata wankan gawa. Mako uku ina kai ta asibiti, kuma Yaya da kansa ya ce in kula da ita, rashin lafiya ba ruwansa da jam'iyya.

Na same ta ta miƙe ƙafa a kan kujera, ƙanwarta mai jinyarta tana gefe tana latsa waya. Muka gaisa, na yi mata ya jiki. Sai Hajiya ta jawo wata leda.

"Humaira 'yata, ga tsarabarki na manta ban ba ki ba. Zo ki durƙusa nan in yafa miki da hannuna, in ga ko ya karɓe ki."

Gyale ne kore mai laushi. Tana warware shi na ga bakinsa, ƙananan rumbuna a jere da zare ruwan zinare. Ankon da matan Rumbu ke yafawa ranar karɓar wanda ya sauya sheƙa ne, na sha ganinsa a hotuna. To amma ku faɗa min, ya ake ce wa uwa mai ɗinki a gwiwa ta mayar da kyautarta? A gidanmu in babba ya miƙo maka abu hannu biyu kake sawa, in ya ce gwada, a gabansa kake gwadawa. Na ce a raina minti ɗaya ne, ɗaki ne a Masar, wa zai gani. Na durƙusa, ta yafa min, ta dafa kaina tana sa albarka. Ban ma ji ƙarar wayar ƙanwar tata ba lokacin da ta ɗauke mu hoto.

Kafin mikrobas, ƙaramar bas ta haya, ya sauke ni a unguwarmu Hayyin Ashir, hoton ya riga ni isa gida. Wijdan, Bahaushiyar Sudan da muke haya tare, ita ta tare ni a bakin ƙofa da waya a hannu. An rubuta a ƙasan hoton cewa ƙanwar Malam Ya'ƙub ta karɓi Rumbu a ƙasar Masar a madadin iyalinsu. Ga ni nan a durƙushe ina murmushi kamar wata sakarya.

"Ma'alish, yi haƙuri," in ji Wijdan. "Ki yi bidiyo ki faɗi yadda aka yi, khalas, shi ke nan."

Na yi bidiyon, sau shida ina sakewa. Mutum ɗari biyu suka kalla, hoton kuwa har rediyon jiha ya yi maganarsa. Masu sharhi suka ce an ja min kunne ne daga gida. Wani ya ce wadda take karatu a waje ai ba jahila ba ce da za a yafa mata abin da ba ta sani ba. Wannan ya fi min ciwo, don gaskiya ya faɗa.

Na so in hau jirgi in je in tsaya gaban wakilan da kaina, amma fasfona yana wajen sabunta iƙama, wato izinin zama, an ce sai bayan mako uku. Na kira Yaya ya fi sau ashirin, sau ɗaya ya ɗauka, ya ce yana cikin taro.

Ranar Laraba na koma wajen Hajiya, raina a ɓace, na sha alwashin yau sai na faɗa mata. Ina shiga ta ce, "'Yata, kin rame," sai na tsinci kaina a durƙushe ina gaishe ta. Da ƙyar na haɗa maganar.

"Hajiya, don Allah ki ce musu tsaraba ce kawai. Kalma ɗaya daga bakinki ta isa."

"Ai tsarabar ce," ta ce, ko kunya babu. "Ki saurare ni. Irin jam'iyyarsu na ga guda biyar, duk ba wadda ta ga zaɓe biyu. Yayanki mutumin kirki ne, za su cinye masa albashi da lafiya su watse su bar shi a rana. Da uwarku tana raye abin da za ta roƙe ni ke nan. In ya huce ya zo, akwai kujerar mai ba da shawara." Ta gyara filon ƙafarta. "To, gobe ƙarfe goma za a cire ɗinki, kada ki makara."

Na kuma je. Haushin kaina nake ji har yau, amma na je, don ba ta jin Larabci ko na gaisuwa.

Ranar Asabar da la'asar ina tsaye a kicin ina wanke shinkafa wayata ta yi ƙara. Muryar Yaya a shaƙe take, ana jin hayaniyar mutane suna watsewa a bayansa.

"An gama. Sun ba ɗan kwangilar."

Na zauna a ƙasa.

"Kada ki sa wa ranki damuwa, Humaira. Kafin a kaɗa ƙuri'a dattawan sun tsayar da ni, suka ce abu ɗaya suke son ji, ko kin san abin da ke jikin gyalen kafin a yafa miki. Aka kawo Alƙur'ani na dafa, na rantse musu ba ki gani ba. Na ce ni na raine ki, na san ki. Ba su yarda ba, amma ni zuciyata wasai take, tunda gaskiya na rantse a kai."

Ruwa yana ta zuba a famfo, ban iya tashi na kashe ba.

"Yaya," na ce, "na gani."

Na duba wayar ko layin ya yanke.

"To," ya ce a hankali. "Allah Ya ba Hajiya lafiya."

Ya kashe wayar.