Haƙoran Zarton Kaka

Kaka maƙeri ne, jikarsa ce ke riƙe masa gwangwanin mai. Zagayayyen zarton huda ƙarfe ɗaya ya rage musu, ga ƙofa tana jiran huda shida.

Yana tafiyar da injin a hankali, tana ɗiga mai. A huda ta huɗu ya tsaya.

"Tsoho ya gaji," in ji ta. "Ƙara gudu mu gama mana."

"Uwata, miƙo hannunki kusa da zarton."

Ta ji huci, ta janye.

"In ya yi zafi, haƙoransa zubewa suke. So kike ya koma kamar bakina?"

Ta yi dariya, suka jira ya huce. Suka gama hudar, haƙoran suna nan daram. Ranar ta gane ba Kaka ne ke hutawa ba, zarton yake hutarwa.