Hutu Uku Kafin Banɗaki

Tun a gida ran Iya ya ɓaci, da ta ga mijinta, tsohon kafinta, yana shafa wa gemu baƙi wai zai je ganin likita. Mutumin da ƙofar zuciyarsa ta tsuke, jini da ƙyar yake wucewa, shi ne da kwalliya.

Likitar ba ta wuce sa'ar autarsu ba. Ta ce hanya biyu ce. Mai ƙarfi, a tsaga masa ƙirji a canja ƙofar. Wanda jikinsa ba zai ɗauka ba, a bi ta jijiyar cinya da siririn bututu, a dasa sabuwa cikin tsohuwar.

"Baba, kana iya hawa bene?"

"Da gudu ma."

"Numfashi fa?"

"Ko jiya katako na yanka."

Babban ɗansu yana gefe yana gyaɗa kai, kada a raina uba a gaban mutane. Iya ba ta iya karatu ba, amma ta ga likita ta jawo takardar nan mai hoton tsagaggen ƙirji.

"Tsaya, 'yata, ajiye biron nan. Wane katako? Zartonsa shekara shida yana ƙarƙashin gado, tsatsa ta gama da shi. Daga gado zuwa banɗaki hutu uku yake yi, ni na jera masa kujerun. Shekaranjiya ya sunkuya ɗaura takalmi, sai kwaso shi na yi kamar wanki."

"Haba, Iya," in ji ɗan.

"Rufe min baki! Yaushe rabonka da gidan? Su tsaga shi ya kasa tashi, kai ka koma ofis, ni a bar ni da wa?"

"Asiri," in ji kafinta. Ya ja numfashi. "Za ki tona min?"

"Kin ji ko, likita? Magana guda, numfashi biyu."

Likita ta ce ya ɗan taka a baranda ta gani. A ƙofa ta uku ya dafe bango, gumi ya wanko baƙin gemun har wuyan riga. Ta dawo ta jawo ɗaya takardar.

Ta cinya aka bi. Da aka sallamo shi, kwana tara bai ce wa Iya uffan ba, abinci ma sai ya juya mata baya yake ci. Ita ko a jikinta. A rana ta goma ta ɗauke kujerar tsakiya daga hanyar banɗaki ta kai kicin. Ya zo ya wuce, fuska a murtuke, bai ma lura ba.